Kunyar Ɗan Fari a Hasahisa

A tashar Kosti aka fara yi mini wayo a ƙasar Sudan. Mu shida wata Hajiya ta kwaso daga ƙasar Sakkwato da alkawarin aikin gida a Jidda. Muka kwana goma sha wani abu a bayan motoci, ta Chadi, ta Junaina, ta Ubayyid, har ƙafafuna suka ƙi shiga takalmi. Da muka sauka Kosti ta zaunar da mu a gindin wata bishiya, ta karɓi fasfunanmu ta ce za ta je a buga musu hatimi. Da hantsi ta tafi. Har yau da nake wannan rubutu ana can ana buga hatimin.

Sauran matan kowace ta kama gabanta. Ni Kulu, bazawara mai shekara talatin da biyar, ban san Larabci ba sai na salla, na zauna a wurin kwana biyu ina kallon duk mai baƙin mayafi. Wata mai shayi a bakin tashar ce ta gaji da ganina. Ta miƙo mini shayi da burodi, ta ciro wani tsohon tob, wato dogon mayafin da matan Sudan ke naɗewa, ta naɗa mini da hannunta tana ta faɗa, ban san ko da ni take ba ko da wadda ta yar da ni. Sannan ta ja ni har bakin wata mota, ta biya yaron mota, ta nuna gabas tana cewa, “Mayirno, Mayirno.” Ban tambayi sunanta ba, kuma abin yana damuna har yanzu.

Mai Wurno take nufi, garin mutanenmu da ke bakin Shuɗin Nilu. Ina sauka na ji wata mata tana zagin akuyarta da Hausa, zagi mai kyau irin na gida, sai na tsaya a tsakiyar hanya na fashe da kuka. Matar ta saki akuyar ta kama ni. A ɗakinta na yi wata huɗu. Hausarsu rabi Larabci ce, ni ina yi musu dariya, su kuma suna cewa tawa Hausar kakanni ce, har 'yan mata kan taru su sa ni magana don su sha daɗi. A can na koyi dama godo-godo, kunun gero mai kauri da Hausawan Sudan suka yi suna da shi.

Daga nan na bi ayarin mata zuwa Dindir yankan riɗi. Da riɗi ya ƙare muka gangara Jazira tsinkar auduga, muka sauka a wani kambo kusa da Hasahisa. Kambo shi ne zangon 'yan ƙwadago, bukkoki a bakin magudanar ruwan noma, nesa kaɗan da ƙauyen masu gonakin. Wayar lantarki ta kan bukkokinmu take wucewa, amma ba ta sauka. A gona mu da masu gona tire ɗaya muke ci, ranar Juma'a mazanmu da nasu sahu ɗaya suke yi, in an yi musu rasuwa mazanmu ne a gaba wajen haƙa kabari. Sai maganar aure ko ta fili ta taso, nan za ka ji an fara tambayar jinsi, wato ƙabilar mutum. Fallata suke kiranmu, ko Takari, da wanda ya zo jiya irina da wanda aka binne kakansa a ƙasar. Akwai wani dattijo a kambon da bai taɓa taka Nijeriya ba, amma yakan ce har yanzu ana tambayarsa yaushe zai koma gida.

Bayana bai jure auduga ba, sai na koma sayar da godo-godo a gefen kasuwar Hasahisa. A nan Ustaz Bashir ya same ni. Dattijo ne fari tas, mai shekara sittin ko kusa, farar jallabiya da rawani, yana da babban shagon kayan gini. Kwana uku yana wucewa yana kallona in ina ciniki da Hausa. A rana ta huɗu ya bari sai da mutane suka watse, ya duba dama ya duba hagu, ya sunkuyo kamar mai tayin kayan sata.

“Ke mutunniyar ina ta?”

Ludayi ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce masa daga ƙasar Gwadabawa nake.

“La ilaha illallah. Ai nan ag garin Inna.” Ya ƙara rage murya. “Ina da mushkila, ya'ani. Tsohuwata tana gidana. Tun da ta yi ciwo Larabcin ya gudu daga bakinta, Hausa kaɗai ta rage, kuma ba mai ji a gidan sai ni. Ki zo ki zamna da ita. Ba haddama nika nema ba, 'yar aiki ya'ani, wallahi. Ƙanwata za ki zama.”

Shekara biyu rabona da wani ya kira ni ƙanwa. A kan wannan kalmar na tattara ƙwaryata na bi shi.

Gida ne babba mai koren ƙyaure, da falon baƙi da fanka uku. Aka wuce da ni duk wannan, aka wuce madafa, sai ga wani ɗaki a can ƙurya kusa da garken awaki. A ciki wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce zaune a kan gadon igiya, da tsagen Gobirawa a kumatunta, irin na kakata sak. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana duba.

“Ɗiyata, rijiyar bakin kasuwa tana nan?”

Rijiyar nan ta rufe tun ban yi wayo ba. Na ce mata tana nan, ruwanta ma ya ƙara daɗi.

Inna Ige ke nan. Tana amarya ta baro gida a ƙafa da mijinta za su Makka. Guzuri ya ƙare a Dindir, suka tsaya noman shekara ɗaya, shekara ɗayan ta zama goma, mijin ya rasu a can. Da godo-godo ta ciyar da Bashir ta sa shi makaranta, har ya sami aikin akawu a masaƙar Hasahisa lokacin tana aiki. Daga nan ya zama mutumin gari, ya auri Nafisa, Balarabiya 'yar garin, ya bar mutane suna zaton shi daga wani gidan Larabawan Sinnar ya fito. Sai da ƙanwarsa da ke riƙe da Inna a ƙauye ta rasu sannan ya ɗauko ta, ya kuma shigo da ita ta ƙofar baya.

Bashir ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Wancan mutum” take cewa. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska bango ta amsa a taƙaice, yana fita kuma ta hau tambayata ko ya rame, ko ya ci abinci, ko tarin da yake yi ya tafi. A gida wannan ba abin bayani ba ne, kowa ya san kunyar ɗan fari, kuma kowa ya san wanda ake ɓoye sunansa shi ne a zuciya. Nafisa kam abin bai taɓa shigar mata kai ba. Ba muguwar mace ba ce, ba ta taɓa hana mu abinci ba, amma ba ta taɓa zama a ɗakin nan ba ko na minti ɗaya. Mai shigowa kullum ita ce Salma, 'yar autar gidan, wadda ta karanta haɗa magunguna. Takan kwantar da kai a cinyar Inna ta ce, “Haboba,” ta miƙa mata man kai, Inna ta yi ta shafa mata tana yi mata kirari da Hausar da yarinyar ba ta ji. Haboba ita ce kaka da Larabcinsu. Hausar Salma duka ba ta wuce “sannu” da “na ƙoshi” ba.

Na yi shekara ɗaya da rabi a gidan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Da salla Ustaz Bashir ya yi mini tob sabo iri ɗaya da na matarsa. In babu kowa yakan zauna a bakin ƙofarmu ya sha godo-godo da ludayi, ya tuno sunayen wasannin yara na ƙauye, ya yi dariya har rawani ya zame. Da an ƙwanƙwasa ƙyauren gida sai Hausar ta ɗauke kamar wutar lantarki. Ina gani, amma na ce kowa da yadda yake lallaɓa zamansa a ƙasar mutane.

Sai aka zo neman auren Salma daga wani babban gidan 'yan kasuwa na garin. A bikin Sudan akwai abin da ake kira jirtik. Ana zaunar da ango da amarya a kan gado mai jan shimfiɗa, tsohuwar da ta fi kowa girma a dangi ta ɗaura musu jan zaren siliki a wuyan hannu ta sa albarka. Tun ranar da Inna ta ji labarin auren ba ta da wata magana sai ta zaren nan. Hannunta yana rawa, don haka kullum da hantsi sai ta kama hannuna ta yi ta gwada ƙulli da zaren buhu, ta kwance ta sake.

“Makka ta wuce ni,” in ji ta. “Wagga kam ba ta wuce ni, in Allah ya so. Ki tambayo mini wancan mutum.”

Na tambaye shi. Ya dafa ƙirji ya ce, “Wallahil azim, ba mai ɗaura ma Salma zare sai Inna. Kalas, an gama, ki gaya mata.” Na gaya mata, ranar har tuwo ta ƙara.

Ranar da matan gidan ango suka kawo kayan lefe, da la'asar ne, Nafisa ta ce in ja wa Inna ƙofa saboda hayaniya, ni kuma in zo in taya raba gahawa. Salma tana can ɗaki a ɓoye ana yi mata gyaran amare. Ina tsakiyar falo da tire sai mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta ji. Ban ankara ba sai ga ta a bakin ƙofa da sandarta, ta yafa tob ɗinta a karkace, tana murmushi, ta zo ganin kayan jikarta.

Uwar ango, Hajja Su'ad, mace ce mai fara'a. Ta tashi ta tarye ta, ta dafa kafaɗarta yadda suke gaisuwa, sannan idonta ya tsaya a kan tsagen. A daidai lokacin Ustaz Bashir ya shigo yana nuna wa masu ɗauko akwatuna inda za su ajiye.

“Wace ce wannan Hajja?” in ji Hajja Su'ad. Ustaz Bashir ya sunkuya yana gyara zaman akwati. Sai ta juya ga Inna da kanta. “Ya Hajja, Bashir ɗanki ne?”

Inna ta dube ni, na mayar mata da tambayar da Hausa. Ga surukai cike da ɗaki, ga ɗan farinta kuma tsaye a gabanta. Ta yi abin da kowace uwa a ƙasarmu za ta yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska tana 'yar dariya.

“Ni? Ina ni ina ɗa kamar wanga. Ɗan mutane na.”

Da a Gwadabawa ne da ɗakin ya kwashe da dariya, an ce kunya ta motsa. Ni kuma da gurgun Larabcina na fassara maganar yadda ta fito, da niyyar in biyo ta da bayani. Kuskurena ke nan, kuma ban daina cizon yatsa a kansa ba. Na ce, “Ta ce ɗan mutane ne, amma mu a al'adarmu...”

“Kun ji da bakinta,” in ji Ustaz Bashir, da Larabci mai santsi, ko gezau muryarsa ba ta yi ba. “Dadata ce, ita ta rene ni tun ina jariri. Bafallata ce mai amana, da ta tsufa na ce ba zan yar da ita ba. Wannan kuma 'yarta ce, tana taya mu aiki.”

Dada ita ce baiwar Allah da ake ɗauka rainon 'ya'yan masu gida. Hajja Su'ad ta ce ma sha Allah, a zamanin nan samun mai riƙe tsofaffin masu aiki haka sai an tona. Matan suka yi ta sa masa albarka. Aka ciro kwalbar turare daga cikin kayan aka ba Inna, ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Na dubi Nafisa, ita kuma tana ƙirga kofunan gahawa da ido. Na kama hannun Inna na mayar da ita ɗaki.

Baƙi na tafiya na tare Ustaz Bashir a bakin garken awaki. Ban durƙusa ba, ban ce Yaya ba.

“Uwarka ce fa. A gabanta ka faɗa.”

“Ita ta faɗi, ba ni ba. Ke kuma kika fassara.”

“Ka san abin da take nufi. Ka fi ni sani.”

Ya share zufa da gefen rawani. “Kulu, ke baƙuwa ta, ba ki san wagga ƙasa ba. In sun ji jinin Fallata, gobe da safe akwatunan nan suna komawa. Ba wanda zai zage mu, ya'ani, cewa za su yi an yi istihara ba ta yi kyau ba. Shekara arba'in ina gina wanga suna don ɗiyana su shiga inda ni ban shiga ba. Ma'alesh, ki yi haƙuri. A gama biki, komi ya koma daidai.”

Na tambaye shi zaren fa. Ya ce zare yana nan, ai dada ma tana iya sa albarka, zai san yadda zai shirya. Sai dai za a yi wa gida fenti, warin zai dami tsohuwa, don haka mu je wajen dangin mahaifinsa a wani ƙauyen Hausawa gabas da Rufa'a mu yi mako guda. Ranar Alhamis ta jirtik da safe mota za ta zo ta ɗauko mu. Ya sake rantsuwa. Ni da aka taɓa bari a gindin bishiya a Kosti, ya kamata in gane irin wannan tafiyar. Amma na yarda, don ina son in yarda.

Muka ƙetare gada, muka wuce Rufa'a, aka sauke mu a ƙauyen. Ban gaya wa Inna abin da ɗanta ya faɗa a falo ba. Ranar Laraba na sa mata lalle hannu da ƙafa. Ranar Alhamis tun da asuba ta yi wanka, ta sa farin tob da 'yan kunnenta na azurfa, ta shafa turaren da surukai suka ba ta, ta ce in kai mata kujera gindin bishiyar bakin hanya don kada direba ya sha wahalar nema. Duk ƙurar da ta taso sai ta gyara mayafi. Motar kasuwa ta wuce, tarakta ta wuce, keken jaki ya wuce. Na kira wayar Ustaz Bashir ya fi sau ashirin, a kashe. Ta ƙi cin abinci wai kada ta ɓata lallen. Azahar da la'asar duk a wurin ta yi su a zaune.

Da rana ta yi ja ta ce, “Ɗiyata, cire mini 'yan kunnen ga, sun yi nauyi.”

Ina cirewa ina kuka, ina zagin Bashir a fili, da sunansa, a gabanta. Ta bari sai da na gaji.

“Na ji abin da ya ce rannan,” in ji ta. “Larabcin bai gudu duka ba.” Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. “Ki rantse mini ba ki tona shi. Ko ina da rai ko ba ni. In kin tona shi auren yarinyar ne ka mutuwa, ita kuwa ba ta yi ma kowa komi ba.”

Na ce ba zan rantse ba. Ta ƙi sakin hannuna har aka kira magariba, sai na rantse.

Bayan kwana uku Salma ta kira wayata tana kuka, wai Baba ya ce Haboba ba ta da lafiya, likita ya hana ta tafiya, wata gwaggon mamanta ce ta ɗaura zaren. Na ce haka ne, amma da sauƙi. Mako guda ya zama wata, fentin gidan bai bushe ba. Duk farkon wata direba yakan kawo sukari da mai da garin alkama ya ajiye ya juya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen ƙauyen ba su yi mamaki ba. Suka ce irinsa suna da yawa a Madani da Hartum, wani ma sunan kakansa ya canza a takarda. Wata mata ta ce mini, “Ke da kina da ɗiya, ga gidan arziki ya buɗe, mi za ki yi?” Daga ranar na daina gaishe ta.

Inna ba ta ƙara tambayar mota ba. Ta ci gaba da tambayata ko direba ya ce wancan mutum yana lafiya. Da damina ta kankama ta kwanta, wata bakwai bayan bikin, ta cika da hantsi ranar wata Litinin, kanta a cinyata. Ni na yi mata wanka. Aka kira Ustaz Bashir, ya ce hanya ta yi laka, a yi jana'iza kada a jira.

Washegari ana zaman makoki sai ga wata farar mota ta tsaya. Ustaz Bashir ya fito, bayansa kuma wani dattijo mai sanda, mahaifin mijin Salma. Ashe da ya ji tsohuwar dadar surukinsa ta rasu, cewa ya yi wajibi ne ya rako shi da motarsa. Mazan ƙauyen da ke zaune a rumfa duk sun san Bashir, wasu tare aka yi musu kaciya. Al'ada ita ce ɗan mamaci ya zauna a tsakiya, masu zuwa su ɗaga masa hannu a yi Fatiha. Suka matsa suka buɗe masa wurin. Ya dubi wurin, ya dubi surukinsa, ya wuce sahun baƙi ya zauna. Aka ci gaba da Fatiha.

Can aka aiko cikin gida wai baƙi daga Hasahisa suna son yi wa 'yar marigayiya ta'aziyya. Na fito bakin zaure. Ustaz Bashir yana tsaye, idanunsa jajur, surukin ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri. A lokacin Larabcina ya nuna, kalma huɗu sun ishe ni in gama da shi a wurin, kuma suna kan harshena. Sai wuyan hannuna ya riƙa yi mini zafi daidai inda Inna ta riƙe.

Ya ɗaga tafukansa ya ce da Larabci, “Al-Fatiha.” Da ya shafa ya ce, “Allah ya ba ki haƙurin rashin mahaifiyarki.”

Na ɗaga hannuna na karɓa. Dole dai wani ya karɓa, kuma a duk faɗin Sudan ranar nan ni kaɗai ce na yarda Inna Ige ta haife ni.